Likitan da ke Cikin Waya: Wa ke Sa Masa Ido a Jiharmu?

(Kiɗan buɗe shiri)

Iyayenmu mata da ke cikin gida, 'yan kasuwa da ke bakin shago, direbobi da ke kan hanya, a ba ni aron kunnuwa na ɗan lokaci. Maganarmu ta yau a kan wani asibiti ce wanda ba shi da gini, ba shi da bencin zaman jira, ba a yankar kati a cikinsa, amma dare da rana cike yake da marasa lafiya. Ina nufin asibitin waya.

Da an ce duba marar lafiya daga nesa, sai hankalin wasu ya tafi kan manyan alluna da na'urori irin na asibitocin Turai. Alhali abin yana cikin gidajenmu. Uwar da ta ɗauki hoton ƙurajen da suka feso wa ɗanta ta tura wa wani likita a WhatsApp, ta shiga asibitin waya. Mai kemis ɗin da ya kira wani malamin asibiti ya ce, "Ranka ya daɗe, ga wata nan da zazzaɓi kwana uku, me zan ba ta?" shi ma yana ciki. Haka matashin da ya sauke manhaja, ya tura kuɗi ta banki, aka haɗa shi da likita a Legas ko Abuja ta kiran bidiyo. Sai kuma wancan mai farar riga da abin awon ƙirji rataye a wuya, wanda ke fitowa a TikTok da Facebook yana cewa duk mai matsala ya biyo shi ta bayan fage. Duk waɗannan aikin lafiya suke yi ta waya, masu kyau da marasa kyau, kuma tambayata a yau ita ce: wa ke duba aikinsu, kuma ina rabon gwamnatin jiha a ciki?

Ba yau aka fara tunanin abin a Najeriya ba. A 2007, lokacin da aka harba tauraron ɗan'adam na NigComSat-1, hukumar binciken sararin samaniya da ma'aikatar lafiya ta tarayya sun gwada haɗa asibitocin koyarwa na Ibadan da Maiduguri da wasu cibiyoyin lafiya na tarayya, don ƙwararru su riƙa duba marasa lafiya daga nesa. Tauraron ya lalace a Nuwamban 2008. Abin da ya buɗe ƙofa da gaske shi ne cutar korona. Da aka kulle Kano a watan Afrilun 2020, mutane da yawa ba su da hanyar ganin likita sai ta waya, kuma da aka buɗe gari ba a daina ba.

Kada wani ya ɗauka na zo kushe abin ne. Mai hawan jini da ke Doguwa ko Tudun Wada, wanda kuɗin motarsa zuwa birni da dawowa ya fi kuɗin maganinsa, in zai auna jininsa a asibitin garinsu ya karanta wa likitansa lambar ta waya, ai an rage masa wahala. Matar da ba ta fita sai da izini da ɗan rakiya ta samu sauƙi. Mai damuwa ko ciwon ƙwaƙwalwa, wanda ke jin nauyin a gan shi a ƙofar asibitin Dawanau, yakan iya buɗe cikinsa a waya fiye da yadda zai yi ido da ido. Ga kuma garuruwan da hanyarsu ba ta biyuwa bayan la'asar saboda rashin tsaro. Likitoci sun yi mana ƙaranci, waɗanda ake da su sun taru a manyan birane, wasu kuma suna ta ficewa ƙasashen waje. Saboda haka waya ta zo a kan gaɓa. Sai dai duk abin da ya shafi rai, dole a san wanda za a tambaya idan ya ɓaci.

To bari mu warware yadda tsarin mulkin 1999 ya raba aikin, don a nan ne ruɗanin yake farawa. Akwai jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. Magunguna da guba suna ciki. Harkar waya da sadarwa tana ciki. Haka ma sana'o'in ƙwararru da majalisar tarayya ta ware. Shi ya sa lasisin likita yake hannun Majalisar Likitoci ta Ƙasa, wato MDCN, kuma likitan da ta yi wa rajista yana iya aiki daga Sakkwato har Kalaba, muddin yana sabunta lasisinsa kowace shekara. Nas-nas da ungozoma suna da tasu majalisar, ma'aikatan lafiya na matakin farko suna da tasu hukumar. Ingancin magani na NAFDAC ne. Shagon sayar da magani, famasi ne ko kemis, na Majalisar Masu Harhaɗa Magunguna ne, wato PCN. Layin waya na NCC ne. Bayanan sirrin jama'a kuma an kafa musu hukuma tun da aka sa hannu a kan dokar kare bayanai a watan Yunin 2023.

Kun ji duk Abuja ce. Me ya rage wa jiha ke nan? Abin da ya rage mata shi ne wurin da ake aikin. Kiwon lafiya gaba ɗayansa ba ya cikin wancan jeri na tarayya, don haka majalisar dokokin jiha tana da hurumin yin doka a kan asibitoci da ɗakunan shan magani da ke cikin iyakarta. Abin ya yi kama da harkar mota: lasisin da ke aljihun direba yana aiki a ko'ina a ƙasar nan, amma in ya shigo Kano ya tsaya ɗaukar fasinja a inda aka hana, ɗan KAROTA ne zai tare shi. A Legas akwai hukumar HEFAMAA, wadda aka kafa a ƙarƙashin dokar gyaran fannin lafiya ta 2006. A Kano akwai PHIMA mai kula da asibitoci masu zaman kansu, kuma mun sha jin labarin ta garƙame wani wuri a unguwa kaza don an samu wanda ba likita ba yana ƙarin jini ko yana tiyata. Wasu jihohin kuma wani sashe ne a ma'aikatar lafiya ke wannan aiki.

Ku lura da yadda mai binciken jiha ya saba aiki. Yana zuwa da takardarsa, ya ƙirga gadaje, ya leƙa banɗaki, ya ga inda ake zubar da allura da auduga, ya duba takardun da aka rataye a bango, ya tambayi likitan da ke riƙe da wurin. In abin bai yi masa ba, ya sa kwaɗo da sarƙa, ya liƙa sanarwa a ƙofa. Yanzu ku aike shi ya binciki asibitin da likitansa ke zaune a Ikeja, kamfaninsa ke da rajista a Abuja, kwamfutar da ke ajiye bayanansa tana wata ƙasa, marar lafiyarsa kuma tana kwance a Sumaila. Ƙofar ina zai sa wa kwaɗon?

Dokokin da muke da su ba su yi shiru gaba ɗaya ba. Kundin ɗa'ar aikin likita na MDCN yana da sashe a kan duba marar lafiya daga nesa, inda ya ja hankalin likita a kan sirri, da ingancin kayan aiki, da tabbatar da rajistar wanda ake neman shawararsa, da tura marar lafiya gaba a kan lokaci. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, a sashe na 13, ta hana buɗe cibiyar lafiya ba tare da takardar shaidar cika ƙa'ida ba, har ma ta ambaci fasahar kiwon lafiya. PCN ta fitar da ƙa'idojin sayar da magani ta intanet. Amma a warwatse suke, kowace hukuma tana riƙe da nata gefen, kuma yawancinsu an rubuta su ne ana hangen asibitin bulo da siminti. Marar lafiyar Sumaila ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba. Ita dai ta san hakimi da ciyaman da kwamishina, kuma in an cuce ta, wajensu danginta za su nufa.

A ganina, matakin farko da jiha za ta ɗauka shi ne ta yanke hukunci a kan tambaya guda: ina asibitin yake? Amurka ta daɗe da amsa wannan. A can kowace jiha ce ke ba likita lasisi, kuma ƙa'idarsu ita ce ana ɗaukar an yi aikin ne a inda marar lafiya yake a lokacin kiran. Likitan da ke wata jiha, in zai duba mutumin da ke wata, sai ya nemi izinin jihar marar lafiyan. Da abin ya yi wa likitoci nauyi, sai jihohi da dama suka ƙulla yarjejeniya, wadda ta fara aiki a 2017, don sauƙaƙa samun lasisi a tsakaninsu. Mu ba ma bukatar wannan ɗawainiya ta lasisi, tunda namu na ƙasa ne. Amma tushen maganar ya dace da mu. In marar lafiya yana Kano, aikin a Kano aka yi shi, kuma duk kamfanin da ke karɓar kuɗin Kanawa don duba su ta waya ya kamata sunansa ya kasance a littafin jihar, da adireshin da za a iya zuwa a ƙwanƙwasa, da sunan likita ɗaya wanda zai amsa tambaya idan wani abu ya faru.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan duba marasa lafiya ta waya da intanet, da nauyin da ke kan gwamnatin jiha.

Yanzu bari mu shiga ɗaki mu ga abin a kusa. A ce ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne, yaro ɗan wata takwas yana tari, jikinsa zafi rau. Uwa ta kira likitan waya. Likita na gari ba zai yi saurin faɗin sunan magani ba. Zai ce, "Hajiya, ɗage masa riga, ki sa shi a cinyarki ya natsu, ki dubi agogo, ki ƙirga min numfashinsa na minti ɗaya cif." Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ce: jaririn da bai kai wata biyu ba, numfashi 60 ko fiye a minti ya yi sauri, daga wata biyu zuwa shekara, 50, daga shekara zuwa biyar, 40. Zai tambaya ko ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki in yaron ya ja iska, ko yana kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi taune-taune. In da bidiyo, zai ce a haska masa ƙirjin da tocila. In ya ji alama ɗaya daga cikin na haɗari, maganarsa ɗaya ce: a ɗauki yaron nan yanzu, kada a jira safiya.

A nan ne ake gane asibitin waya na gaske. A ɗauke shi zuwa ina? Likitan da ke Legas ya san wane asibiti ne ke buɗe da daddare kusa da Garko ko Kibiya? Ya san inda ake da iskar taimakon numfashi? Yana da lambar wanda ke bakin aiki, don ya kira ya ce ga yaro nan tafe? In bai sani ba, abin da ya yi wa uwar nan shi ne ya tsorata ta ya kashe waya. Wannan gurbi kuwa ba MDCN ce za ta cike shi ba, ba NCC ba ce. Jiha ce ke da manyan asibitocin ƙananan hukumomi, ita ce ke da hukumar kula da lafiya a matakin farko, ita ta san abin da ke cikin mazaɓunta, waɗanda a Kano sun kai 484 a ƙananan hukumomi 44. Saboda haka sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne kada a bar kowa ya buɗe asibitin waya sai ya nuna inda zai riƙa tura marasa lafiyar da suka fi ƙarfin waya, jiha kuma ta ba shi jerin asibitocinta da lambobin da ake ɗagawa. Dokar 2014, a sashe na 20, ta riga ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda aka kawo cikin gaggawa. Saura a haɗa bakin zaren.

Haka abin yake ga mai juna biyu da ta kira tana kukan ciwon kai mai tsanani, idonta na ganin dishi-dishi, fuska da hannuwa sun kumbura. Wanda ya ce ta sha farasitamol ta kwanta ya jefa ta cikin haɗari, domin waɗannan alamomin jijjiga ne. Sai an ɗaura mata abin awo a dantse an ga ko jininta ya kai 140 bisa 90, sai an gwada fitsarinta, kuma babu wayar da ke yin wannan. Zazzaɓi ma haka ne. Tsarin ƙasa shi ne a gwada kafin a ba da maganin maleriya, gwajin nan na ɗigon jini a yatsa da ke fitowa cikin kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin. Gani ya kori ji. Shi ya sa ni na fi natsuwa da tsarin da ke ajiye ma'aikacin lafiya a gefen marar lafiya, a ƙaramin asibitin ƙauye, da abin awon jini da na zafi a hannunsa, likita kuma yana can ɗaya gefen wayar yana ba da umarni. Hannu yana nan, ƙwarewa tana zuwa daga nesa. Jihar da ke son kawo likitan waya ga talakawanta, ta nan ya kamata ta fara.

Akwai wani aikin jiha da ba a cika tunawa da shi ba, wato sa ido a kan annoba. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in da ake kai wa rahoton cututtuka masu yaɗuwa, shi kuma ya miƙa wa jiha, jiha ta miƙa wa NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa. Mun ga abin da mashaƙo ta yi mana daga ƙarshen 2022, inda Kano ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Ku ɗauka yara biyar a layi ɗaya suna fama da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, iyayensu kuma kowa ya kira likitan waya daban. Kowane likita ya ga yaro ɗaya, ya rubuta magani, ya wuce. Babu wanda ya ga biyar ɗin. Da a asibitin unguwa ne, nas ɗin da ke bakin aiki za ta lura kafin azahar. To in dai jiha ba ta wajabta wa masu aikin waya kai rahoton mashaƙo da sanƙarau da kwalara da ƙyanda da zazzaɓin Lassa ga jami'in ƙaramar hukumar da marar lafiya yake ba, idonta zai riƙa rufewa daidai gwargwadon yadda jama'a ke komawa waya.

Sai batun magani, wanda mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun san abin da kodin da tiramol suka yi wa matasanmu, maza da mata, har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. A Kano an sha fama kafin a tashi 'yan magani daga Sabon Gari zuwa sabuwar kasuwar Dangwauro a 2024, don a san ta inda magani ke shigowa da inda yake fita. To amma takardar magani da aka turo a hoto, sau nawa za a iya kai ta shago? Yau a nuna wa wannan mai kemis, gobe a nuna wa wancan, jibi a tura wa aboki. Wani ma ba ya bukatar takarda, ya tura kuɗi kawai a sa masa ƙunshi a mota daga tasha. Indiya, da ta fitar da ƙa'idojinta na duba marar lafiya daga nesa a watan Maris na 2020, ta raba magunguna kashi-kashi: waɗanda za a iya rubutawa ta kowace hanya, waɗanda sai an ga mutum a bidiyo, da waɗanda aka haramta rubuta su ta waya sam, irin masu sa maye. Ta wajabta wa likita sa lambar rajistarsa a kan takardar. Ta kuma hana manhaja mai ƙirƙirarriyar basira ta rubuta wa mutum magani da kanta. Doka a kan magani ta tarayya ce, na faɗa. Amma sharaɗin rajistar asibiti na jiha ne, kuma babu abin da zai hana ta cewa wanda ya rubuta irin waɗancan magunguna ta waya ya rasa rajistarsa.

Mu koma kan sirri. Sashe na 26 na dokar lafiya ya ce duk bayanin da ya shafi ciwon mutum da jinyarsa sirri ne. Dokar 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin muhimmanci, ta kuma ce in aka yi kutse mai haɗari ga jama'a, a sanar da hukuma cikin awa 72. A takarda ke nan. A gida kuwa, waya ɗaya ce maigida da uwargida da yara ke amfani da ita. Saƙon muryar da mace ta tura tana bayanin lalurar da ko mahaifiyarta ba ta faɗa wa ba, yana nan zaune a wayar wani, tare da hotunan biki da na suna. In wayar ta lalace aka kai wa mai gyara, ko aka sace ta a adaidaita sahu, shi ke nan. Mun san abin da fitar irin wannan magana ke jawowa a garuruwanmu: aure na mutuwa, baiko na warwarewa. 'Yan'uwana mata, hoton da ya shafi tsiraici, a yi taka-tsantsan ƙwarai kafin a tura shi ga wanda ba a tabbatar da ko wane ne ba.

Kuma a nan dole gwamnatin jiha ta dubi kanta, domin babu mai tara bayanan marasa lafiya kamarta. Rahoton wata-wata na asibitocinta yana shiga manhajar DHIS2. Hukumomin taimakekeniyar lafiya, irin KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, suna riƙe da sunaye da hotuna da tarihin jinyar ɗimbin jama'a. Ana ta shigar da fayil-fayil na asibitoci cikin kwamfuta, yawanci ta hannun kamfanoni 'yan kwangila. Ranar da kwangila ta ƙare, ko gwamnati ta canza, fayil ɗin na wa ne? Wa ke riƙe da makullinsa? Wannan tambaya ce da 'yan majalisar jiha ya kamata su yi tun kafin a sa hannu, ba sai an zo neman tarihin marar lafiya an ce ai kamfanin ya tafi da shi ba. Ba a kan bayanai kaɗai jiha ke aiki da kamfanoni ba: Kaduna ta shigo da kamfanin Zipline, wanda ya fara kai magunguna da alluran rigakafi da jirage marasa matuƙa daga Pambegua a 2022, bayan ya yi irin aikin a Ruwanda da Gana. Izinin tashi sama na hukumomin tarayya ne, amma abin da aka ɗora wa jirgin, da sanyinsa, da wanda ya karɓa, duk lissafin jiha ne.

Wani abu kuma da ba zan tsallake ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, wasu wuraren na tsawon makonni, wasu watanni. Ba hukuncin nake tuhuma ba a yau. Amma jihar da ta jingina lafiyar mutanen karkara da waya, ta sani cewa ranar da sabis ya ɗauke, ko batir ya mutu babu wutar caji, asibitin ya rufe baki ɗaya. Likitan waya ƙari ne a kan asibitin ƙauye mai ma'aikaci da magani. Kada a wayi gari an mai da shi hujjar ƙin ɗaukar ma'aikata.

Ina kuma da tsoro ta ɗaya gefen, kuma zan faɗa ko da wasu ba za su ji daɗi ba. A ƙasar nan da an ce sa ido, abin da ke fara zuwa shi ne rasit. In kowace jiha daga cikin 36 ta ƙirƙiro nata kuɗin rajista da nata kwamitin kar-ta-kwana, masu gaskiya ne za su gudu, ko su ɗora kuɗin a kan marar lafiya. Mai farar rigar TikTok kuwa ko a jikinsa, don shi dama bai taɓa niyyar yin rajista ba. Akwai Majalisar Lafiya ta Ƙasa, inda minista ke zama da kwamishinonin lafiya na jihohi. Nan ne wurin da za a amince da ƙa'ida ɗaya, rajistar ta zama mai sauƙi da arha, jihohi su yarda da ta juna. Jiha tana da wani makami ma da ya fi kwaɗo: kuɗi. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ba tsare-tsaren jihohi babban matsayi. In hukumar taimakekeniya ta ce za ta biya kuɗin ganin likita ta waya, amma ga mai rajista kaɗai, za ku ga masu aikin da kansu suna layin cika sharaɗi.

Kafin gwamnati ta gama nata shirin, ga abin da ke hannunmu. Duk wanda zai duba ka ta waya, tambaye shi cikakken sunansa, da lambar rajistarsa ta MDCN, da asibitin da yake aiki. Likita na gaske ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya rubuta maka magani bai tambayi shekarunka ba, bai tambayi ko kana shan wani magani ba, bai tambayi mace ko tana da ciki ko tana shayarwa ba, ka yi hattara da shi. Wanda kuma shi ne mai dubawa, shi ne mai sayar da maganin da ba shi da lambar NAFDAC, kuma magani ɗaya ne na basir da suga da rashin haihuwa, wannan kun san sunansa. Kada a goge saƙonni da shaidar biyan kuɗi, don su ne hujja. In an cuce ka, ƙorafi a kan likita yana zuwa MDCN, a kan magani NAFDAC ko PCN, amma fara da ma'aikatar lafiya ta jiharka ko hukumar asibitoci masu zaman kansu, ka rubuta a takarda, ka karɓi shaidar sun karɓa. In kuma cuta ce mai yaɗuwa kake zargi a unguwa, lambar NCDC kyauta ce, 6232.

Ga masu girma kwamishinonin lafiya da 'yan majalisa da ke sauraronmu, roƙona ƙarami ne kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. A fitar da jerin sunayen waɗanda aka amince su duba jama'a ta waya, a karanta shi a gidajen rediyo da Hausa, a liƙa shi a asibitocin mazaɓu. A ba da lamba ɗaya ta ƙorafi wadda mutum ne zai ɗaga, mai jin Hausa da Fulatanci ko Kanuri gwargwadon yankin, wadda tsohuwa za ta iya kira da ƙaramar wayarta ba sai da data ba. Sannan duk wata uku a fito a faɗa mana ƙorafi nawa aka karɓa, nawa aka bincika, wa aka dakatar.

Lokaci ya cim mana, a nan za mu dasa aya. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu buɗe layi don jin ta bakinku. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)